Turancina bai nuna ba, ga Japananci ya shiga raina: wanne zan fara kamawa?

Ɗan Funtuwa, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni bin wannan hanya.

Na zo Legas a 2016, ina aiki a shagon maigidana, muna sa rediyo da allon taswira a motoci. Da yawa daga kayan da ake kawo mana tsofaffi ne daga Japan, ana sayo su a kasuwar Ladipo. Ka kunna, komai da rubutunsu. Ko tashoshin FM ba sa kamawa yadda ya kamata, domin rediyonsu daga mita 76 yake farawa ya tsaya wajen 90, namu kuwa daga 87.5 ne zuwa 108, sai mun ƙara masa wata 'yar na'ura. Shekara da shekaru ina haska allon da wayata, Google Translate na faɗa mini abin da ke jiki. Ran nan sai na ga na gane wasu zane biyu ba tare da waya ba, waɗanda ake karantawa "settei", wurin saitin na'ura ke nan. Wallahi daɗin da na ji ranar ya hana ni barci. Cikin wata biyu na haddace haruffansu na farko da ake kira hiragana, duka 46, a jirgin ƙasa da cikin motar haya ta danfo.

Ga inda na maƙale. Duk darasin da na samu a YouTube da Turanci ake bayaninsa. Ni kuwa Turancina na titi ne, buroka. Na iya ciniki, na iya faɗa da kwandasta, amma sau biyu ina rubuta WAEC Turanci na kayar da ni. Malamin bidiyo zai yi bayanin nahawun Japananci da wata kalmar Turanci da ban sani ba, sai in tsaya neman ma'anarta, kafin in dawo na manta inda aka kwana. In ajiye Japanancin ne sai na gyara Turanci, ko in haɗa su?

Maman Hanifa, Idi-Araba

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 11 ina koyar da Turanci a firamare, kuma abin da ka faɗa na san shi a jikina. Da na zo garin nan da aure, a taron iyayen yara na miƙe zan yi magana, na ce "fifty" sai ya fito da P, wata mata ta kwaikwaye ni a gaban kowa. Na yi kusan shekara ban ƙara buɗe baki a taro ba. Mu a Hausa sautin da ke tsakanin P da F guda ɗaya ne, da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa suke rikiɗe mana. Gyaransa na mako biyu ne a gaban madubi: F haƙoran sama kan leɓen ƙasa, P leɓɓa a rufe sannan a sake su. Shirun da na yi ne ya ci mini shekara.

Kada ka raina burokarka. Kalmominta mafi yawa na Turanci ne, ka riga ka tara jari. Abin da ya rage maka karatu ne da ido. Ka sayi jarida ko sau biyu a mako, labarin da ka riga ka ji a BBC Hausa shi za ka nema ka karanta, tun da ka san abin da ya faru, kalmomin za su riƙa faɗa maka ma'anarsu da kansu. Ni dai a ganina ka ba Turanci wata shida tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abu Sadik, Obalende

Hajiya, a gafarce ni, a nan na saɓa da ke kaɗan. Yaron nan zuciyarsa na kan Japananci, in aka ce ya jira wata shida wutar za ta mutu.

Na yi shekara biyu a Japan ina karatun digiri na biyu da tallafin gwamnatinsu, wanda ake kira MEXT, ta ofishin jakadancinsu na Abuja ake nema. A ajin koyon harshe muna tare da Turawa da Amurkawa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne kunnena ya fi nasu. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar yadda muke rubuta namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: "obasan" gwaggo ce ko inna, "obaasan" kaka. Bature sai ya yi ta fama, mu kuwa tun muna goye muke raba gari na zama da garin tuwo. Suna ninka baƙi, "kite" zo, "kitte" kan sarki na wasiƙa, kamar daba da dabba. Har karin sauti suna da shi: "hashi" na iya zama gada ko tsinken cin abinci, ya danganta da inda ka ɗaga murya, kamar kai na jiki da kai na "kai ne". Duk wannan malamin YouTube zai ɓata minti ashirin yana yi wa Turawa bayaninsa, kai ba ka bukata. Ka tsallake.

Yanzu ka kama katakana, ɗayan jerin haruffansu, su ma 46 ne, kuma a nan ne aikinka zai biya ka. Da su suke rubuta kalmomin aro, kuma yadda suke lanƙwasa Turanci kusan irin namu ne, ba sa son baƙaƙe su cunkushe sai sun cusa wasali. Mu mun ce birki, su "bureeki". Mu taya, su "taiya". Mu inji, su "enjin". Tebur ma "teeburu" ne. Rabin abin da ke allon motocinku haka yake. Kullum ka karanta ɗaya, ka nemo yadda aka rubuta ta da Turanci, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, sai ka ce "ni shinkafa ci". Wani abokina Babarbare ya ce haka nasu yake, bai sha wuya ba, ni kuwa na yi wata uku kaina na juyawa. Sai kanji, zanen rubutun da suka aro daga China, irin biyun nan na "settei" da ka gane. Waɗanda hukuma ta tsara don amfanin yau da kullum 2,136 ne, yaransu na koyon 1,026 cikin shekara shida na firamare, kuma yawancinsu suna da karatu fiye da ɗaya. Na taɓa zama a ɗaki na yi hawaye a kan takardar kuɗin wuta da na kasa karantawa, ni da na zo da digiri. Abin da ya cece ni tarbiyyar allo ce: rubuta, wanke, sake rubutawa, biya da ƙarfi bayan asuba. Biyar a rana, ban taɓa wucewa ba. Ka sa Anki, manhajar katunan hadda, a wayarka, ka riƙa rubuta ma'anar da Hausa a bayan katin, kada ka bi ta Turanci sai dole. In ka yi nisa akwai jarrabawar iya Japananci, JLPT, daga matakin N5 mafi sauƙi zuwa N1.

Maganar girmamawa kuwa, wadda suke kira keigo, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi yana ce wa mahaifinsa "ku" yana durƙusawa.

Alhaji na Alaba Rago

Yaro, tambaya ɗaya. Don aikinka kake yi ko don tafiya? A 2025 an yi ta yaɗa cewa Japan ta ware garin Kisarazu ga 'yan Najeriya da biza ta musamman, gwamnatin Japan ta fito ta ƙaryata, daga baya ma aka soke shirin zumuncin garuruwa da ya jawo maganar. Na san yara biyu a nan kasuwa da wani ya karɓe wa kuɗin fom a kan wannan magana. In wani ya ce ka kawo kuɗi zai kai ka, ka riƙe aljihunka.

Ɗan Funtuwa, Agege

Allah ya ƙara girma Baba, don aiki ne, ba inda za ni. Maigidana ya ce in har na iya karanta allon nan ba waya, zai bar mini wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Anti Maman Hanifa, na gode, na sayi jarida yau, kuma na gwada madubin, haƙorana sun fara gane wurinsu. Yaya Abu Sadik, da la'asar aka kawo wata rediyo, na zauna da jadawalin katakana ina bin harafi ɗai-ɗai, sai ga "rajio" ta fito, ƙasa da ita "oodio". Na kira yaran shago duka suka zo suka gani. Akwai wata doguwa da ta gagare ni, tana da 'yan ƙananan haruffa a tsakiya. Zan ɗauki hotonta in turo bayan isha'i, don Allah ka duba mini.