Stellaris: daga shekarar 2280 sai in koma maigadi, ni kaɗai ne?

Kyaftin_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu buga Stellaris, gem ɗin kwamfuta na kafa daula a sararin samaniya, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

Wata huɗu ke nan da na fara. Na buɗe wasa shida, ɗaya tak na kai ƙarshe. Farkon gem ɗin ba ni da ta cewa. Ka tashi a 2200 da duniya ɗaya, jirgin bincike, jirgin gini, da 'yan jiragen yaƙi uku waɗanda ko ɓarawon akuya ba za su kora ba. Kowane tauraro ka leƙa da labarinsa. Har ƙarfe biyun dare nakan kai ina rige-rige da maƙwabci a kan wata matsattsiyar hanya guda, domin duk wanda ya riga kafa sansani a wurin ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa ke nan. A wannan lokacin ko shayi aka kawo mini sai ya huce.

Wajen 2270 zuwa 2280 ne labari ke sauyawa. Iyakoki sun haɗu, ba sauran tauraron da ba shi da ubangida, jiragen bincikena suna zaune kamar 'yan acaɓa ranar ruwa. Daga nan sai in tashi daga sarki in koma magatakarda: wannan duniyar tana da marasa aikin yi, a gina musu wani abu, waccan gidaje sun yi kaɗan, ga fasaha uku an miƙo, zaɓi ɗaya, jira. Ranar Asabar da ta wuce na ɗora laftof ɗin a kan faranti don kada ta sha zafin katifa, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, na sa gudu a matakin ƙarshe, na ɗauki waya ina duba saƙonni. Da na ɗago shekara goma sha ɗaya ta wuce a gem, abin da ya faru kawai shi ne wani masanin kimiyyata ya mutu da tsufa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuma minti arba'in yake yi. Wato na ƙona wutar rana guda ina gadin kalanda.

Wasan da na kai ƙarshe ɗin a matakin wahala na Ensign ne, taurari 800. Na jira annobar ƙarshe, wato babban maƙiyin da ke afka wa kowa a ƙarshen wasa, tun 2400, sai wajen 2440 maharan da ake kira Unbidden suka ɓullo. Na yi ta jin tsoronsu a bakin mutane, amma lokacin ina da runduna huɗu na manyan jirage, cikin shekara takwas na rufe ƙofar da suka shigo. Wallahi har haushi na ji. Sai na ce to bari in gwada na maza, na sa Grand Admiral. A 2234 wani maƙwabci irin masu aƙidar shafe kowa ya shigo mini da jirage ninki uku na nawa, kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa ya cinye babban birnina.

To ina tsakiyar take? Ko dai ruwa iya idon sawu, ko ya shanye kai. Saitin ne ban iya ba, ko haka aka gina gem ɗin? Ku masu shekaru a ciki, me kuke sakawa?

Dan_Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Kyaftin, ciwonka ciwon kowa ne, kuma rabin maganin yana shafin da kake wucewa da sauri kafin ka danna fara.

Saitin asali shi ne tsakiyar wasa 2300, ƙarshen wasa 2400, ranar nasara 2500. Wannan an yi shi ne don wanda bai iya ba tukuna. Duk wanda ya gane yadda ake ware duniya ɗaya don bincike, ɗaya don ƙarfen ƙera jirage, to kafin 2320 ya riga ya fi kowa, sauran shekarun zaman jiran gawon shanu ne. Ni tsakiyar wasa nake jawowa 2250, ƙarshe kuma 2325. In ka ga kamar ya yi tsauri ka sa 2275 da 2350. Ka lura shekarar da ka sa ba ita ce ranar da annoba za ta zo ba, ƙofa kawai take buɗewa daga nan, shi ya sa naka suka ɗauki shekara arba'in.

Na biyu, ka sauko daga taurari 800. A kan laftof 400 ya ishe ka. Abin da ke sa gem ɗin jan ƙafa a ƙarshe yawan jama'a ne da jirage da kwamfuta ke lissafawa kullum, ba zanen taurari ba. Ka rage yawan duniyoyin da za a iya zama a kansu ma, za ka ga bambanci.

Na uku, daga Ensign ka yi tsalle zuwa Grand Admiral, ka tsallake Captain da Commodore da Admiral. Wa ya aike ka? A Ensign ba a ba kwamfuta, wato mai juya sauran daulolin, ƙarin komai. A Grand Admiral kuwa abin da take samu daga ayyuka kusan ninkawa ake yi, tun daga ranar farko. Akwai wani zaɓi da ke sa wannan ƙarin ya fara daga sifili ya riƙa hawa a hankali har ya cika a tsakiyar wasa ko ƙarshensa. Ka kunna shi a kan Commodore ko Admiral. Ƙarfin annoba kuma ana ɗaga shi har ninki 25, amma kada ka yi ganganci, ninki uku ya isa ka yi gumi in ka jawo shekarun kusa.

Baban_Ummi ya amsa:

Ƙanena Kyaftin, abin da Dan_Zazzau ya faɗa maka gaskiya ne, amma ni ina ganin faci ne a kan tsohuwar taya.

Ni da Master of Orion II na fara, na 1996. A kwamfutar wani abokina na gan shi muna makaranta, har yau kuma yana kan injina, nakan koma masa in na gaji da na zamani. Shi bi-da-bi ake yi, ka gama naka ka danna, lokaci ba ya tafiya sai ka ce ya tafi. To ka ga babu zancen zama kallon kalanda: in ba abin yi, danna sau goma cikin minti ɗaya ka wuce wurin. Kuma ba a barinka ka yi barci. Wasu mahara da ake kira Antarans sukan faɗo wa wata duniyarka ba sallama, tun kana da rauni, kuma kowane zuwa sun fi na baya ƙarfi. Ga tauraron Orion a zaune da wani ƙaƙƙarfan jirgi mai suna Guardian yana gadinsa, kullum kana kallonsa kana lissafin yaushe rundunarka za ta isa ta tunkare shi kafin wani ya riga ka. Ga majalisa da ke zama a zaɓi shugaba, in wani ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u wasa na iya ƙarewa a nan. Abubuwa uku suna ja maka riga a lokaci guda.

Abin da ke damuna da wahalar Stellaris, kuma gaskiya har tsohon nawa bai tsira daga wannan ba, shi ne ɗaga mataki ba ya ƙara wa kwamfuta wayo, aljihunta kawai yake cikawa. Kamar ka ce kana son ƙwararren abokin dara, sai a kawo maka yaron da ka saba ci a ƙara masa 'ya'ya goma. Zai iya danne ka da farko saboda yawa. In ka jure shekara hamsin ɗin nan ka toshe mashigarka da sansani mai ƙarfi, sai ka tarar shi ne dai yaron nan, yana aika jirage ɗaya-ɗaya suna mutuwa a ƙofarka. Shi ya sa wahalar duk ta taru a farko, inda dama ba ka buƙatarta, tsakiya kuma fayau.

Wanda na ga ya yi dabara a wannan fanni shi ne Sins of a Solar Empire na 2008. 'Yan fashin sama suna fita lokaci-lokaci, kuma wanda aka fi ɗora wa kuɗi a kai shi suke afkawa. Sai ka ga kana cikin gini agogo ya matso, kowa na ƙara kuɗi a kan ɗan'uwansa kamar gwanjo. Ƙaramin abu ne, amma ba ya barin ka ka ɗauki waya.

Hajjo_Taurari ta amsa:

Ni kam ban yarda da ku ba, Baban Ummi a gafarce ni.

Shekarun nan da Kyaftin ke kira gadi su ne na fi so. Ina dawowa daga aiki a gajiye, ba na neman abin da zai sa zuciyata bugawa. A nan ne nake zama in ga me ake ciki a majalisar taurari, wa ke goyon bayan wace doka, in sayi ƙuri'u da alfarma, in jawo ƙananan daulolin da ke gefena su shigo ƙarƙashina ba tare da na harba ko harsashi ɗaya ba. Akwai wasan da na shafe shekara talatin ina ƙoƙarin ganin an ƙi wata doka da za ta rage mini yawan jirage, kuma na fi tuna wannan a kan duk yaƙin da na taɓa yi. Ga manyan gine-gine irin Dyson Sphere da Ring World, waɗanda in ka jawo ƙarshen wasa zuwa 2325 da ƙyar ka ga an gama ko ɗaya.

Kyaftin, tambayata gare ka: wace irin daula kake ɗauka? Don in kullum masu son zaman lafiya da bincike kake yi, ka ƙulla yarjejeniya da kowa, ka shiga ƙawance, to kai ka ɗaure kanka. Ka rufe duk ƙofofin rigima sannan ka ce gari ya yi shiru. Ɗauki masu bautar da mutane ko masu cinye maƙwabta ka ga ko za ka sami lokacin duba waya.

Inda na yarda da kai shi ne aikin magatakarda. Tun da aka sauya tsarin duniyoyi a ƙarshen 2018, aka cire 'yan murabba'an nan aka kawo gundumomi da ayyuka, kula da duniya ashirin ya zama wahala marar daɗi. Wannan ba wuya ba ce, gajiya ce, kuma mutane suna haɗa su.

Sojan_Gona ya amsa:

Oga, da batirin minti arba'in me ya kai ka Stellaris? Nemi gem ɗin FTL. Jirgi ɗaya, yankuna takwas, rundunar 'yan tawaye na bin ka a baya duk tsallen da ka yi, in ka mutu ka mutu. Ba tsakiyar da za ka yi hamma. Ni sau goma sha ina mutuwa kafin in ga babban jirginsu na ƙarshe, a mataki mai sauƙi ma.

Dan_Zazzau ya amsa:

Sojan Gona, ai wannan wani jinsi ne daban, mutum ya ce yana son noma ka miƙa masa kwari da baka.

Baban Ummi, a yi wa Paradox, kamfanin da ya yi Stellaris, adalci kaɗan. Tun 2021 suka ware wata tawaga da aikinta gyaran tsofaffin abubuwa ne, kuma kwamfutar yanzu ta fi ta da iya tattalin arziki nesa ba kusa ba. A farkon 2024 ma sun rage saurin fasaha da gangan saboda mutane na gama komai tun kafin annoba ta zo. Yaƙi ne dai har yanzu ba ta iya ba, a nan kam ba ni da bakin kare ta.

Kyaftin, na manta ban tambaye ka ba: kana da Apocalypse, ƙarin nan na gem ɗin da ake saye daban? In babu shi ba ka da Great Khan, sarkin da ke haɗa kan 'yan fashin sama ya fito yaƙi a tsakiyar wasa, kuma shi ne babban abin da aka tanada don cike ramin da kake kuka da shi.

Kyaftin_Fagge ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana biyar ne don ina son in gwada kafin in yi magana.

Anti Hajjo, kin kama ni. Duk wasanni shidan masu bincike na ɗauka, kuma duk wanda ya miƙo takardar zaman lafiya sai in sa hannu. Wannan karon na ɗauki masu son yaƙi, taurari 400, Commodore mai hawa a hankali, tsakiya 2250, ƙarshe 2350 (Dan_Zazzau, 2325 ɗin nan naka ban da zuciyarsa tukuna), annoba ninki uku. Apocalypse ina da shi, ashe a wasannin baya 'yan fashin suna can ɗaya gefen ne, shi ya sa ban taɓa jin ɗuriyarsu ba.

Yanzu kuwa maƙwabtana ne. A 2263 Khan ya tashi. Ina tsaka da yaƙi da wata daula a kudu, rundunata duk tana can, sai ga saƙo wai in miƙa wuya in riƙa biyan haraji ko a shafe ni. Na dakatar da gem ɗin na fi minti goma ina kallon taswira, shayi ya sake hucewa. Na ƙi. Sun ci sansanina na mashigar arewa kamar ba a gina shi ba, sun karɓe duniyoyi biyu, ɗaya ita ce mai ba ni rabin ƙarfena. Na yi sulhun dole a kudu na juyo da jirage, sai da suka yi wata bakwai a hanya.

Baba, maganarka tana nan daram, don da idona na ga ya raba rundunarsa uku ba dalili, na tare ɗaya a bakin sansani na gama da ita. Amma sauran biyun kowace ta fi duk abin da na mallaka. An ce Khan yakan mutu da kansa daular ta wargaje, to ban san ko zan kai lokacin ba. Na ajiye wasan a 2268, tsalle biyu tsakaninsu da babban birnina. Wanda ya taɓa miƙa masa wuya, harajin nawa ne, kuma ana iya fita daga baya?