Tohon itatuwa: na tukunya da na kwalbar man shafawa

Mai tambaya, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani busasshen toho da matafiya ke kawowa daga Faransa, a jikin takardarsa an rubuta peuplier noir, sunan bishiyar da Faransanci. Ƙanana ne masu tsini, ruwan ƙasa, da danƙo da ƙamshi mai ƙarfi. An ce da shi ake haɗa man basir da na ƙuna. Yaya ake haɗa man bai yi fumfuna ba? Kuma tohon itatuwanmu, aduwa ko tsamiya ko kuka, zai yi aikinsa? Wanda ya yi da hannunsa ya ba mu awo da mataki, don Allah.

Ma'aikaciyar kantin magani, Marwa

Wa'alaikumus salam Malam. Bishiyar ba ta ƙasarmu ba ce. A bakin kogunan Turai da yammacin Asiya da wani yanki na arewacin Afirka take fitowa, inda ake sanyi na gaske. Ana tsinkar tohon a ƙarshen hunturunsu, wajen Fabrairu zuwa Maris, tun bai buɗe ya zama ganye ba, domin da ya buɗe danƙon ya tafi, kuma danƙon nan shi ne maganin. A cikinsa akwai sinadari dangin na asfirin. Saboda haka duk wanda asfirin ke tayar wa da asma ko borin jini, kada ya shafa. Aikinsa na waje ne: ƙujewar fata, ƙaramar ƙuna, basir na waje. Ganyen bishiyar ɗaci gare shi, abincin dabbobi ne a can, ba kayan miya ba.

Ga yadda nake haɗawa. Kofin shayi ɗaya na toho, a ɗan farfasa shi a turmi, kada ya zama gari. A zuba kofi 3 na man riɗi. A sa a kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi, wuta ƙasa-ƙasa, awa 3. Man ya tsaya a zafin da yatsa zai iya jurewa na ɗan lokaci. Idan kuka ji yana ƙara irin ta suya, ya wuce, ƙamshin ya ƙone. A tace da farin ƙyalle, a bar shi ya kwana a kwalba. Washegari za ku ga laka a ƙasa, wani lokaci da ɗigon ruwa. A tsiyaye na sama a hankali, a zubar da na ƙasan. Wannan ɗigon ruwan shi ne ke kawo fumfunar da kake tsoro, Malam. Man riɗi na zaɓa don ya fi man gyaɗa daɗewa bai yi warin tsufa ba a zafin Marwa.

Kafin a yi amfani da shi, a shafa kaɗan a cikin hannu a jira kwana ɗaya. Basir mai zubar da jini kuma asibiti ne, ba kwalba ba.

Mai kiwon zuma, Ngaundare

Hajiya ta yi bayani, saura kaki. Ga mililita 100 na man da aka tace, giram 20 na kakin zuma ya isa a nan Ngaundare. Ku na Garwa da Kusiri ku kai 25, in ba haka ba a watan Afrilu zai narke ya bi murfi. Gwaji mai sauƙi: ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi, in ya daskare ka murza da yatsa. Ya yi tauri, ƙara mai. Ya yi ruwa, ƙara kaki.

Kakin kasuwa sai an wanke. A narkar da shi cikin ruwa, a tace da tsumma, a bar shi ya huce ya taso sama, a kankare dattin da ke ƙasansa da wuƙa. Kada a ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Yana kamawa da wuta, kuma in ya kama ba a watsa masa ruwa, murfi ake kifa masa. Akwai masu gauraya shi da kyandir. Irin wannan ba ya ƙamshin zuma sosai.

Ƙudan zuman Turai daga tohon wannan bishiya suke ɗibar yawancin danƙon da suke liƙe amya da shi. Namu daga wasu itatuwa suke ɗiba, don haka ba abu ɗaya ba ne, amma wanda danƙon amya ke sa wa ƙaiƙayi ya yi nesa da man peuplier shi ma.

Mai tambaya, Garwa

Na gode Hajiya, na gode Baba. To batun namu itatuwan fa?

Mai sayar da ganyen miya, Marwa

Ɗana, tohon namu ba ya da wannan danƙon, ruwa ne a cikinsa. Ka zuba ɗanyen tohon kuka a mai, kafin mako ya zagayo ya ruɓe. Namu na ci ne, kuma kowanne da hannun da yake so.

Dubagira, wato tohon aduwa, shi ya fi ba mutane wahala. A ƙarshen rani yake fesowa, lokacin da rama da yakuwa suka yi tsada. A tsinki na bakin reshe kawai, mai laushi, wanda ƙayarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. In ka lanƙwasa ƙayar ta karye ka ji ta soke ka, ganyen ya tsufa. A zauna a tsince shi ɗaya-ɗaya, domin ƙaya guda a cikin kwaɗo ta isa ta ɓata wa mutum rana. Tasa ɗaya ta ganye, ruwa tasa 4. Sai ruwan ya tafasa ake zuba ganyen, a bar tukunya a buɗe. Za ka ga kumfa fara ta taso, ita ce ɗacin. Bayan kamar minti 20 a zubar da ruwan gaba ɗaya, a sake sabo, a jefa kanwa kamar ƙwayar wake, a sake dafawa har ganye ya murje tsakanin yatsu. A ɗauraye da ruwan sanyi, a matse da hannu biyu a dunƙula. Ɗanɗana. In har yanzu yana kama harshe, a jiƙa shi a ruwan sanyi awa ɗaya, a sake matsewa.

Inda ake kuskure: rowar ruwa, da cika kanwa. Ruwa kaɗan ba ya ɗaukar ɗacin, yana komawa cikin ganye. Kanwa mai yawa kuma tana sa shi santsi da ɗanɗanon sabulu. Daga nan sai ƙuli-ƙuli dakakke, albasa, barkono, gishiri, ɗan mai. Ko a zuba a miyar gyaɗa da wake.

Wata uwa, Njamena

Inna, a nan wasu na dafa shi har sau 3, amma ni ina ganin biyu ya isa in tohon sabo ne. Na uku sai ya bar maka dusa ba ɗanɗano. Ɗan ɗacin da ya rage ai shi ne daɗin dubagira.

Bari in ƙara na tsamiya. Gab da damina take fitar da sabon ganye ja-ja, mai tsami mai daɗi, daidai lokacin da tsamiyar bara ta yi baƙi. Cikin hannu 2 na tohon, a daddaka sama-sama, a zuba ruwan zafi lita ɗaya, a rufe minti 15, a tace. Ruwan ya isa dama kunun gero na gida. Tsaminsa bai kai na 'ya'yan ba, don haka kada a ƙara masa ruwa. A miyar kifi kuwa ɗanyensa ake zubawa a ƙarshe. Kada a jiƙa shi a kwanon ƙarfe mai tsatsa, ruwan baƙi yake yi. Mai zuba madara a kunun ya bari ya ɗan huce, in ba haka ba ta tsinke.

Manomi, Gidar

Ina roƙon masu tsinka abu biyu. Bishiyar da ke gefen gonar auduga a bar ta a lokacin feshi, iska na kai maganin ƙwari kan ganye, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Na biyu, kada a aske bishiya tas. Kukar da ake sassare wa rassa kowace shekara ba ta yin 'ya'ya sosai. A ɗebi gefe ɗaya bana, a bar ɗaya sai baɗi.

Mai sayar da ganyen miya, Marwa

Gaskiya ne Malam. Tunda ka kawo kuka, ga nata. Ba kowace kuka ke da ganyen miya ba. Akwai mai ɗaci, kuma ganye mai gashi-gashi bai kai mai sulɓi daɗi ba. Tauna ɗaya kafin ka hau. Lokacin tara na ajiya shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, kafin ganye ya fara rawaya. A cire silin, a wanke, a tsane a kwando, a baza a tabarma a rumfa mai iska, shimfiɗa ɗaya siririya, ana juyawa safe da yamma. Kwana 3 zuwa 5. Ya bushe in ka damƙa ya rugurguje da ƙara.

Garin kuka mai kyau kore ne shar. In ka ga ya yi ruwan ƙasa, ko dai a rana aka shanya, ko an bar shi a tsibe cikin buhu ya yi zafi kafin a baza. Duka biyun suna rage masa ƙamshi da amfani. Wajen kaɗawa, cokali 3 manya ga lita ɗaya na romo. A rage wuta, a riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya, maburgi na aiki a ɗayan. Zuba shi a dunƙule ne ke kawo gudaji. In an gama kaɗawa minti 5 ya isa, kuma ba a rufe tukunya.

Ma'aikaciyar kantin magani, Marwa

Inna ta amsa tambayar da kyau: aduwa da tsamiya da kuka ba za su yi aikin peuplier ba. Wanda ke son man shafawa daga ganyen gida, irin na darbejiya don ƙaiƙayi, hanyar ɗaya ce da wadda na faɗa, sai dai dole ganyen ya bushe ƙarau tukuna. Ana iya sa man kaɗanya maimakon riɗi, a rage kaki zuwa rabi. A sanyaya shi da sauri ana juyawa, domin man kaɗanya in ya huce a hankali tsaki-tsaki yake yi.

Darbejiya a fata kawai nake nufi. Man 'ya'yanta ba a ɗura wa jariri, yana iya sa shi amai da jijjiga har ya kai ga rasa rai. Mai ciki ma ta bar shan ruwan ganyen. Zazzaɓi kuma a je a yi gwajin jini.

Mai kiwon zuma, Ngaundare

Malam mai tambaya, kwanon da ka dafa tohon zai yi danƙon da sabulu kaɗai ba ya fitarwa. Ka goge shi da ɗan mai da tsumma tun yana da ɗumi, sannan ka wanke da ruwan zafi da sabulu. Kwalbar ajiya ta bushe sarai kafin ka zuba, ka rubuta wata da shekara a jikinta, ka ajiye a inuwa kusa da randa. Da cokali ake ɗiba, ba da yatsa ba. In warinsa ya canja kafin shekara, a zubar.