Tsakuwar da muke tararwa a ƙasan fadama, wane ruwa ya kawo ta?

Mai Haƙa, Ambursa:

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata haƙa wa manoman shinkafar rani rijiyar bututu, daga fadamar Ambursa har wajen Argungu da Augie. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan ko a dace da mai sani.

In muka kafa bututu muka fara tura ruwa da inji, abin da ke fara fitowa baƙar laka ce mai danƙo, irin wadda shinkafa ke so. In an nutsa kamar ƙafa goma sai ruwan ya canza kala, rairayi mai laushi ya biyo. Can gaba yashi mai kaushi, sannan tsakuwa mulmulalliya sumul, wata har tana toshe mana bakin bututu. Nan muke tsayawa, don nan ruwa yake. Jefi-jefi gutsuren gawayi ko ɓawon katantanwa kan fito tare da yashin.

To, Gulbin Sakkwato da ya bi ta fadamar nan, da rani akwai inda yaro ke ratsa shi da ƙafa, kuma wasu gonakin da nake haƙa sun fi tafiyar rabin sa'a daga bakin ruwa. Wane ruwa ne ya mulmule tsakuwar nan ya kawo ta can? Kuma tun yaushe? Yaron aikina ya ce kowace ƙafa ɗaya shekara 100 ce. Haka ne, ko shaci-faɗi yake yi mini?

Malamin Jogirafi, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da nake ta fama in zana wa ɗalibai a allo, kai kullum hannunka na cikinsa. Da rani nakan kai su gangaren Dukku, mu tsaya a kan tudu in ce su nemo mini gulbin. Sai sun ƙura ido kafin su gano ɗan zirin ruwa a tsakiyar fadamar da ɗaya gefenta sai hange. Ruwan da ya sassaƙa wannan kwari ya fi na yau ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba a zama ɗaya ya yi aikin ba.

Wajen shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka, ƙasarmu ta bushe ƙayau, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Jigawan da muke shuka gero a kansu a ƙasar Sakkwato da Katsina da Kano, da yawansu tuddan rairayi ne da iska ta tara a irin waɗannan lokutan fari, daga baya ciyawa ta kama su suka tsaya. Wani masani ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958, sannan a 1971 wasu 'yan Holan biyu, Sombroek da Zonneveld, suka fitar da rahoto kan tsofaffin jigawa da shimfiɗun gulbi na kwarin Rima da Sakkwato. A irin wancan zamani ƙasa tsirara take. Ruwa ɗaya mai ƙarfi sai ya kwashi yashi da tsakuwa ya zubo kwari, ya rarrabu hanya-hanya, ya watsar da kayan ya ƙafe. Gulbin da kaya suka fi ƙarfinsa cike kwarinsa yake yi.

Sai abin ya juya. Daga wajen shekara 14,800 da suka wuce damina ta yi ƙarfi, in ka cire wani fari na sama da shekara 1,000 da ya ratsa tsakani, har zuwa wajen shekara 5,500 da suka wuce. Dalili kuwa daga sama yake. Duniya tana ɗan layi a juyawarta, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 21,000, kuma a wancan lokacin watannin zafi na arewacin duniya sun dace da sa'ar da ta fi matsowa kusa da rana. Ƙasa ta ƙara ɗumi, iskar teku mai ɗauke da hadari ta kutsa har tsakiyar Sahara. Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, tsohuwar gaɓarsa ita ce doguwar jigawar da ta bi ta Bama da Maiduguri.

Ba sai ka je Borno ba. Ka tsallaka iyaka ta Kangiwa ko Kamba ka ga Dallol Mawri, kwarin da ya biyo ta Dogonduci ya gangara Kogin Kwara kusa da Gaya ta Nijar. Ga faɗi, ga gaɓa, amma gulbi babu. Ruwan ya koma ƙasa kaɗan, shi ya sa rake da giginya suke yi a ciki. Dallol Boso ma haka, shi har daga Azawak da duwatsun Azbin yake kwaso ruwa a da. Da damina ta janye, suka mutu. Namu ya tsira ne saboda kansa yana kudu: Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake tasowa, Gagare da Bunsuru, rassan Rima da ke zuba cikinsa, daga ƙasar Zamfara da Katsina, inda har gobe ake samun ruwan sama.

In ruwa ya ƙaru, itatuwa suka rufe ƙasa, kayan da ke shigowa gulbi kan ragu su yi laushi. Sai ruwan ya koma cin abin da ya tara da, ya nutsa, ya bar tsohuwar shimfiɗarsa a sama matakala-matakala a gefen kwari. Ƙauyukan bakin fadama da dama a kan irinsu suke zaune, shi ya sa ambaliya ba ta cika kai musu ba. Ni dai ra'ayina tsakuwarka ragowar ɗaya daga waɗancan zamunan ce.

Ɗan Masunta, Argungu:

Malam, Allah shi ƙara sani. Amma ni ina ganin ba sai an kai dubban shekaru ba. Wanga gulbi ba ya zama wuri guda. Inda tsohona ya koya mini jefa birgi, yanzu albasa ake nomawa a wurin, ruwan ya koma can gabas. Kowace damina yana cin gaɓar waje ta kwana, yana zube yashi a ta ciki, sannu-sannu sai ka ga ya ƙaura. Bayan ambaliyar 2010 da ta 2020 akwai gonar da yashi ya rufe har gwiwa, ta kusa da ita kuwa ɗan feshin laka kaɗai ta samu. To a wace gona za a yi lissafin ƙafa ɗaya shekara 100?

Kuma tun da aka yi madatsun ruwan Bakolori da Goronyo ruwan ba ya hawa yadda tsofaffinmu suka sani. Tafukkan fadama da kifi ke shiga ya hayayyafa, wasu sun cike sun zama gona. Wannan ba damina ta yi shi ba, hannun mutum ne.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa, Talatar Mafara:

Malam, a yi mini afuwa, amma maganar Kawu Ɗan Masunta ba ta yarwa ba ce. Gulbi mai kwana-kwana, ko damina ba ta canza ko kaɗan ba, yana barin daidai jerin da Baba Mai Haƙa ya lissafo: tsakuwa a gindin hanyar ruwa, yashi a kanta, laka a sama bayan ya ƙaura. Don haka jerin kaɗai ba ya raba gardama. Tsakuwar tana iya zama ta zamanin Kanta Sarkin Kabi, tana iya zama ta shekara 10,000. Sai an auna.

Zurfi kuwa ba ya ba da shekaru. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a zurfin kusan mita 5, wato ƙafa 16 da ɗoriya. Da lissafin yaron Baba shekara 1,600 ke nan. Da aka auna itacen a Jamus, shekara kusan 8,000 aka samu.

Awon da aka yi masa shi ne na sinadarin kabon-14, dabarar da Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Duk tsiro na shan wannan sinadari daga iska, dabba ta samu daga tsiro. In abu ya mutu sai ya fara raguwa, rabi a duk shekara 5,730, har wajen shekara 50,000 inda ba a iya karanta sauran. Amma a gulbi akwai tarko biyu. Gawayi na iya kwanciya shekaru a wata gaɓa kafin ruwa ya tono shi ya kawo nan, sai ya girmi yashin da yake ciki. Katantanwa kuma ta fi rikici a wajenku, don ruwan yana ratsa ƙasar farar ƙasa ta Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita. Kabon ɗin wannan dutse na miliyoyin shekaru ne, in katantanwa ta gina ɓawonta da shi sai awo ya ƙara mata tsufa.

Shi ya sa yanzu aka fi son tambayar yashin kansa, da awon haske da aka fara a Kanada a 1985. Fararen ƙwayoyin yashi masu ƙyalli, in suna binne, suna tara wani ƙarfi daga sinadaran yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke cikin ƙasa. Kamar tulu ne a ƙarƙashin ɗigo: in ka san yawan ɗigon a shekara, ka auna abin da ya taru, ka san yaushe aka ajiye shi. Hasken rana kuma juye tulun yake yi. Don haka abin da awon ke faɗa shi ne rabon ƙwayar da ganin rana. Ana buga bututun ƙarfe ko baƙar roba a cikin gaɓa, a toshe bakinsa biyu, ba a buɗewa sai a ɗakin gwaji mai jar fitila. Shi ma yana da nasa ciwon kai. Ambaliyar da ta zo da dare cikin jan ruwa mai kauri ba ta barin rana ta taɓa kowace ƙwaya, sai wasu su zo da guntun tsohon lissafi. Maganin shi ne a auna ƙwaya ɗaya-ɗaya, ɗaruruwa, a dogara da rukunin da ya fi ƙuruciya. Dole kuma a san jiƙar ƙasar, don ruwa na tsare wani kaso na ƙarfin.

Lakar sama ta kwana-kwanan nan kuma da sinadarin siziyom-137 ake bin ta, wanda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka watsa a duniya. Faransa ma ta yi nata a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960. Shekarar da ya fi zuba ita ce 1963, don haka shimfiɗar da ya fi yawa a ciki ta wannan lokacin ce. Mu nan gida, lakar gindin tafkin Bakolori ba ta neman wahala, an san daga 1978 ta fara taruwa.

Mai Haƙa, Ambursa:

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Malam da Kawu, na gode. Ina da gawayi da ɓawon da na tsince a wajen haƙa, suna nan cikin leda a aljihun mashin. In aka samu mai kaiwa, za su yi?

Ɗalibar Ilimin Ƙasa, Talatar Mafara:

Baba, waɗannan kam ba za su yi ba. Haƙa da ruwa gauraya sama da ƙasa take yi, ba wanda zai iya rantsuwa daga wace shimfiɗa gawayin ya fito, yashin kuma ya riga ya ga rana. Wurin ɗiba shi ne gaɓar da gulbi ya yanka da kansa, a Disamba ko Janairu bayan ruwa ya janye, inda ake ganin shimfiɗun a jere ba a taɓa su ba.

Abin da ke hannunku mai daraja shi ne rijiyoyin. Kowace kuka haƙa a rubuta sunan ƙauye, a ɗauki lambar wurin da waya, a rubuta ƙafa nawa laka ta ƙare, ƙafa nawa aka taras da tsakuwa, da launin kowace. In tsakuwar tana zurfi ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, maganar Malam ta yi ƙarfi. In kuwa siririya ce mai lanƙwasa, nan akwai can babu, tsohuwar hanyar ruwa ce irin wadda Kawu ya faɗa.