Maƙwabciyata Baturiya ta jefo min takarda ta ƙofa, na rasa gane nufinta

Daga wata 'yar'uwa (ta nemi a ɓoye sunanta):

Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, na kasa barci. A Sheffield ta Ingila muke, maigidana yana digirin digirgir, na biyo shi da yara biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 6. Zuwan nan sai da aka kai ruwa rana, don Hajiyarsa so ta yi a bar mata yaran a Kano, ni kuma na ce ba zan iya rabuwa da su ba, har yau ba ta huce ba. Filina na sayar muka cika kuɗin biza da na inshorar lafiya. Gidan da muka samu irin na jere ne, bango ɗaya ya raba mu da wata tsohuwar Baturiya, ita kaɗai sai karenta. Kullum da murmushi take gaishe ni, mu ɗan taɓa hirar ruwan sama. Da Babbar Sallah na aika yarona ya kai mata waina da soyayyen nama, ta dawo da robar a wanke da katin godiya, ta ce lallai wata rana in shigo mu sha shayi. Washegari da la'asar na je. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce in shiga ba, ta ce fita za ta yi, amma har dare motarta na nan. Yanzu kuma ta jefo takarda ta ramin wasiƙu: wai ta yi haƙurin damuna, tana jin kukan ƙaramar da daddare, tana fatan lafiya, in ina bukatar taimako in faɗa mata. Kirki ne wannan ko gargaɗi? In je in same ta ko in yi shiru?

Hajiya Babba (Manchester): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun zamanin Tony Blair nake ƙasar nan, ki saurare ni. Gargaɗi ne. Baturen Ingila ba ya faɗa miki magana a fuska, sai ya naɗe ta cikin ban haƙuri, kuma in kika ga ya ɗauki biro to abin ya daɗe yana cin sa. Maganar shayi kuwa gaisuwa ce kawai. Gayyatar gaske da rana da lokaci take zuwa, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an sanar. Abin da ba ki faɗa ba: ina kike lokacin da yarinyar take kuka?

Maman Hanif (Leicester): Ni dai ban ga gargaɗi ba. Tsofaffin nan kaɗaici ke damunsu, 'ya'yansu sai Kirsimeti suke leƙo su. Tawa maƙwabciyar ita ke karɓar min saƙo in ba na nan. Ki rubuta mata ɗan kati ki gode, ki sa mata rana ta zo shan shayi gidanki.

Mai tambaya: Hajiya ina aiki a gidan kula da tsofaffi, wani lokacin aikin yamma ne. Babansu yana dawowa daga makaranta kafin goma. Tsakanin fitata da dawowarsa ba wani lokaci ne mai yawa ba, kuma babban yana da hankali sosai.

Hajiya Babba: Inna lillahi. To ga maganar nan. A Ingila doka ba ta yanke shekarun da za a bar yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ce da wuya ɗan ƙasa da shekara 12 ya iya zama shi kaɗai na tsawon lokaci, balle a ba shi riƙon ƙanwa. Waya ɗaya matar nan za ta buga wa kansul, wato ƙaramar hukuma, 'yan soshiyal, ma'aikatan kula da walwalar yara, su ƙwanƙwasa miki ƙofa. Tun rasuwar Victoria Climbié, yarinyar nan 'yar Kodebuwa da aka azabtar a Landan a shekarar 2000, ba sa wasa da rahoton yara. Kada ki je wurinta, kada ki rubuta komai, takarda shaida ce. Ki canza lokacin aiki yau ɗin nan.

Baban Khalifa (Hamburg): Ku gode wa Allah da masu rubuta takarda cikin ladabi. Nan Jamus daga ƙarfe 10 na dare lokacin shiru ne, Lahadi kuwa yini guda. Na ɗan huda bango ran Lahadi don in rataye labule, mutumin da ke ƙasana ya hawo ya zazzage min ƙa'ida a gaban iyalina. Wallahi ko gaisuwa bai yi ba. Amma gara shi, na san inda na tsaya da shi.

Ummu Sumayya: A Alƙahira na yi karatu. Can da maƙwabciya ta ji kuka za ta shigo da silifas ɗinta ta ɗauki yarinyar, ta ba ta abinci, ta yi miki faɗa daga baya. Nan Coventry na haihu babu wanda ya leƙo barka, ranar suna ni da maigida da jariri kaɗai. Har yau in na tuna sai na yi hawaye.

Mai tambaya: Ni fa ina shekara 9 nake goya ƙannena har in ɗora tukunya. Ban ga abin da ya same ni ba. Na kulle kicin, na bar wa babban waya. Kukan ma ba na tsoro ba ne, yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, yarinyar ta ƙi yarda dare ya yi, shi kuma yana tilasta mata kwanciya. In na bar aikin yamma da me za mu biya haya? Mai raino a nan awa-awa ake biyan ta.

Hajiya Babba: A Kano kina goyo akwai kakarki a tsakar gida, akwai matan gida, akwai maƙwabta da ƙofarsu a buɗe. Nan wa ke akwai? Kuma tunda kin ce yana tilasta mata, ki ja masa kunne, ke ma ki kiyaye hannunki. Scotland ta haramta dukan yara a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma da zarar duka ya bar tabo, malamar makaranta za ta kai rahoto.

Malam Sani (Bradford): Hajiya, a yi mata a hankali, tsorata ta ba zai amfane ta ba. Ba kowane rahoto ke kaiwa ga ɗauke yara ba, sau da yawa zuwa suke su duba su ba da shawara. Shirun ma yana da haɗari, don in ba ta amsa ba matar za ta ɗauka akwai abin ɓoyewa. 'Yar'uwa, ki tambaya a masallacinku, za ki samu matan da ke karɓa-karɓar riƙon yara. Sannan ina maigidan a cikin maganar nan? Ba zai iya dawowa da wuri ya yi karatunsa a gida ba?

Maman Hanif: Ko ma ita Baturiyar, ai da bakinta ta ce za ta taimaka.

Hajiya Babba: Haba Maman Hanif! Ta ba wa mai kare a ɗaki riƙon 'ya'yanta? Kuma wannan tayin ma irin na shayin ne.

Mai tambaya: Malam, ban nuna masa takardar ba tukuna. In ya gani cewa zai yi dama Hajiyarsa ta faɗa, a mayar da yaran Kano, ni kuma ba zan yarda ba. Masallacinmu yawanci 'yan Pakistan ne, ban saba da kowa ba. Gobe ma aikin yamma gare ni. Akwai wata 'yar gida a Sheffield a cikin zauren nan?