Soket ɗin wayarin mashina sun yi kore, da me zan goge su?

Ɗan Kurna: Salam 'yan uwa. Ina da tsohuwar Honda CG125, inji lafiya lau kik ɗaya take tashi, amma tunda damina ta shigo wuta ta fara min wasa, fitila ta yi ja kamar aci-balbal, hon ya yi gurnani ya ɗauke, sigina kuma sai ta ga dama. Na kwance kan fitila na ga soket ɗin nan duk sun yi kore-kore, kan batir ma ga farin gari ya taru. Wani riwaya ya ce sai an canza wayarin gaba ɗaya, ni kuma wallahi aljihu ba nauyi. Akwai dabara?

Mai Sifana: Wslm. Kar ka yi saurin canza komai malam, indai wayar ba ta ƙone ba kuma robar jikinta ba ta farfashe ba to datti ne kawai. Wannan koren jan ƙarfe ne da ya sha danshi, shi ke tare wuta. Da farko cire kan batir, nagetib za ka fara cirewa kafin fozitib, in za ka mayar kuma shi ne na ƙarshe, don kar sifana ta taɓa bodi ta yi tartsatsi. Farin garin nan asid ne ya jawo shi, ka dama bekin soda da ruwa kaɗan, in babu ko kanwa ta yi, ka goga da tsohon burushin haƙori za ka ga yana kumfa, amma ka kula kar ya shiga cikin batirin. Su kuma soket ka zare su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoto tukuna saboda wayoyin cikin kan fitilar nan in suka rikice maka sai ka kwana a kai. Samfefa mai laushi, a hankali, ƙarfen ya yi haske kawai ka tsaya. Na macen, wato mai ramin, ka naɗe samfefar siririya ka zura ciki ka juya.

Abban Ilham: Ni fetur nake zubawa ko abin feshin nan WD-40, shikenan an wuce wajen.

Mai Sifana: Haba Abban Ilham, fetur kusa da batir? Kuma fetur maiƙo yake wankewa, ba ya cin koren nan. WD-40 yana korar ruwa dai, amma sai an kankare ɗin. In mutum zai sayi abin feshi gara wanda aka yi don wanke haɗin lantarki, shi yana bushewa tas.

Injiniya Maraɗi: Abin da ba a faɗa ba shi ne as, wato wayar da ke mayar da wuta ta jikin bodi, kuma rabin matsalar tsofaffin mashina daga nan take. A Honda koriyar waya ita ce as, bi ta har inda aka ɗaure ta da noti a jikin firam, kwance ka goge wajen har ƙarfe ya fito fes ba tsatsa ba fenti. Tunda fitila da hon da sigina duk suka lalace lokaci guda ni can nake zargi. Duba gidan fiyus ma. Sannan kawunan wayar nan masu kama da harsashi suna saki in sun tsufa, ɗan matse na macen da filaya ya riƙa kamawa gam. In ka feɗe waya ka ga silin ciki ya yi baƙi, yanke har inda yake ja ka sa sabon kai, kar ka murɗa ka naɗe da salatif, ruwa zai sake shiga. Ka gama ka shafa basilin kaɗan a kan batir. In batirinka mai bolt 12 ne sa mitar awon wuta, inji a kashe ya nuna wajen 12.6, in ka ba shi wuta ya hau 13.5 zuwa 14.5. Wasu tsofaffin CG ɗin bolt 6 ne fa, duba jikin batirin.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri oga. As ɗin ce kuwa, notin ya ci tsatsa har da ƙyar ya kwance. Hon ya dawo, fitila ma. Saura siginar hagu ta baya, ita har yanzu shiru.

Mai Sifana: Ciro ƙwan ka duba gindinsa da cikin mazauninsa, nan ma ruwa yana kwanciya.