Wai Excel bai isa riƙe bayanan makaranta ba?

Malamin jarrabawa, Mabera: Salamu alaikum jama'a. Jiya wani yaro yac ce mani Excel ba databes ba ne, wato manhajar da aka gina musamman don ajiye bayanai cikin tsari, wai mu koma manhajar databes irin Access ko MySQL. Ni ban yarda ba, shekara shida cikinshi muke sa makin yara, daga nan Word ke jawo sunaye mu buga ripot kad, lafiya lau.

Mai shagon kwamfuta, Gawon Nama: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi yaron ya yi gaskiya. Rubuta lambar wayar uba mai farawa da 080 ka danna enta ka gani, sifirin farko ɓacewa yake. Kwanaki wata makaranta sunka kawo mani fayil, yara uku suna ɗaya sunan uba ɗaya, wani ya jera sunaye bai haɗa da maki ba, makin wanga ya koma kan wancan, ba a gane ba sai da wata uwa ta zo da takardar gwajin ɗanta a hannu tana faɗa. A databes kowane yaro da lambarshi wadda ba ta maimaituwa, maki ga lambar yake rataye ba ga suna ba.

Malamin jarrabawa: Wanga ai sakacin mai shigarwa ne. Excel layi 1,048,576 yake ɗauka, mu ko 400 ba mu kai ba.

Ɗaliba a Jami'ar Ɗanfodiyo: Baba Malam ka yi haƙuri, ko Ingila a 2020 sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya zube masu don tsohon nau'in fayil ɗin Excel (xls) da ke tsayawa a layi 65,536. Ku kuma ba yawa ne damuwarku ba, kwafi ne. Guda a filas ɗin firinsifal, guda a laftof ɗinka, guda gun akanta, wanne ne na gaskiya?

Hajiya mai makaranta, Arkilla: Ni ina bayan Malam. Mun biya wani ya gina muna databes, ya tafi bautar ƙasa da faswod, taam guda muna maki da biro. Wa zai riƙe muna shi?

Mai shagon kwamfuta: Hajiya wanga kuka naki gaskiya ne. Kar a biya cikon kuɗi sai ya miƙa faswod a rubuce, ya koya ma malamai biyu, ya nuna yadda ake bakof, wato ajiye kwafin bayanai don kar su ɓace.

Malamin jarrabawa: To zan kawo maka na aji ɗaya ran Asabar bayan la'asar mu gwada Access ɗin. Amma Excel ɗina ba zan goge ba.