Ɗalibaina sun kasa karanta bishiyar nasabar halittu, ina mafita?

Wata malama daga Katsina:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da bayoloji a aji uku na babbar sakandare, yanzu muna babin juyin halitta. Na zana musu bishiya a allo, na jera ƙadangare, kada da kaza a bakin rassanta. Da na tambaya wa ya fi kusanci da kada, kusan duk ajin suka ce ƙadangare, wai ai sun yi kama. Wasu ma sun ɗauka na hagu ne ya rikiɗe ya koma na dama. Ga jarrabawa na matsowa. Don Allah a taimaka min da dabara.

Wani malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Idonsu na kan bakin rassa, alhali labarin yana wurin mahaɗa. Ki sa yaro ya ɗora yatsa ɗaya a kan kada, ɗaya a kan kaza, ya gangaro da su har su haɗu, ya sa alli a wurin. Ya sake yi da kada da ƙadangare. Zai ga sai ya ƙara gangarawa ƙasa kafin su haɗu, wato kakan da suka haɗa ya fi daɗewa. Kada da tsuntsu sun fi kusa. In sun yi gardama, ki gaya musu zuciyar kada ɗaki huɗu gare ta irin ta tsuntsu, ta ƙadangare kuwa uku, kuma kada tana gadin ƙwanta da 'ya'yanta.

Wata tsohuwar shugabar makaranta:
'Yata, alli kaɗai ba zai yi ba. Ki sami kara da zare, ki ɗaure guntun kara a jikin dogo, ki rataya hotunan kada da kaza a bakin guntun biyu, na ƙadangare a jikin dogon, sannan ki juya guntun a gabansu. Kaza za ta dawo tsakiya, kada ya koma gefe, amma ƙullin bai motsa ba. Daga nan yaro ba ya sake yarda da jerin hagu zuwa dama. Littafin juyin halitta da masanin halittu Darwin ya fitar a 1859 zane ɗaya tak ke cikinsa, kuma na rassa ne, babu tsani.

Wani ɗalibin jami'a:
Malama, ki gwada su da rema. Duk wanda ya gan ta a kan dutse zai ce dangin gafiya ce, amma makusantanta giwa da ayu ne. Jemage kuma, duk da fiffikensa, yana haihuwa ya shayar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To, mai cewa "Malama, kenan daga biri muka fito?" fa?

Malamin Zariya:
Ki ce masa ya duba zanen da kyau, domin ko zanen bai faɗi haka ba. A irin zanenki, duk wanda ke bakin reshe yana raye yau, ba ya zama kakan na kusa da shi, kamar yadda ɗan baffanka ba kakanka ba ne. Ki tsaya a kan abin da masana kimiyya suka zana da hujjojinsu na ƙasusuwa da ƙwayoyin gado, ki fara da dabbobi kafin ki iso kan mutum.